Yadda Ake Bayyana Siffar Girman Tsiro a Daji da Gona

Duk wanda ya tsinko reshe ya danne shi cikin jarida domin ya kai ma'ajiyar busassun tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, ganye da fure kawai ya kai, amma tsayin tsiron da yanayin tsayuwarsa sun zauna a daji. Wanda zai duba reshen nan gaba ba shi da hanyar sanin ko daga doguwar bishiya aka saro shi ko daga abin da ke kwance a ƙasa, sai fa idan an rubuta masa. Wannan rubutun shi ne aikin da za mu bi daki-daki, kuma yana da amfani ga ɗalibin kimiyyar tsirrai, da malamin gona, da ma'aikacin gandun daji, har da mai maganin gargajiya da ke son ya yi kwatancen da za a samo masa abin da ya aika a nemo ba tare da kuskure ba.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin gaba ɗaya: abin da idonka ya gani a ranar da ka je, ka rubuta shi daban, abin da ka sani ko aka gaya maka game da asalin tsiron kuma ka rubuta shi daban. A ƙasarmu gatari da wuta da bakin akuya suna sauya kamannin tsiro sosai, don haka wanda ya gauraya waɗannan bayanai biyu zai ɓatar da mai karatu ko da bai faɗi ƙarya ba.

Kayan aiki

Kana buƙatar littafin rubutu mai ƙwaƙƙwaran bango da fensir, domin tawadar biro tana zuba idan raɓa ko yayyafi ya taɓa takarda. Kana buƙatar tef na awo. Idan babu na magina, tef ɗin tela mai santimita 150 ya isa ga yawancin aiki, sai ka haɗa da igiya mai tsawon mita 10 zuwa 20 wadda ka ƙulla wa ƙulli a kan kowace mita. Ka yanki miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon mita 2 daidai, ka yi mata alama a mita 1 da kuma mita 1.3. Sai wuƙa mai kaifi, da dagi ko ƙaramar fartanya domin tono, da waya mai ɗaukar hoto idan akwai, da tsofaffin jaridu da kwali biyu idan za ka ɗauko samfuri. Ka sa rufaffen takalmi da dogon wando, saboda gindin sabara da dunƙulen gamba wuraren hutun kububuwa da kasa ne, kuma kada ka taɓa cusa hannu a inda ba ka fara buga sanda ba. Idan gonar wani ce ka nemi izinin mai ita, idan gandun gwamnati ne ka nemi na ma'aikatan wurin, tun kafin ka sari ko ka toni komai.

Mataki na 1: Zaɓen tsiron da za ka bayyana

Kada ka tsaya a kan na farkon da ka tarar. Ka zagaya wurin ka ga irinsa guda biyar ko fiye, sannan ka zaɓi wanda ya balaga, wato mai fure ko 'ya'ya ko alamar ya taɓa yin su, wanda kuma ya yi kama da mafi yawan 'yan'uwansa. Na bakin hanya da na kusa da garke ko mashaya ba abin dogaro ba ne, domin dabbobi sun riga sun yi masa aski. Kafin ka rubuta komai game da tsiron, ka rubuta kwanan wata, da sunan gari, da irin ƙasar, ko jigawa ce ko fadama ko fako ko tsakuwa, da kuma ko a sarari yake ko a inuwa. Tsiro iri ɗaya yakan yi tsawo ya yi siriri a inuwa, ya gajarce ya bazu a sarari.

Mataki na 2: Itace ne ko mai laushin kara?

Masu koyo sukan fara da ganye domin shi ne ke ɗaukar ido, amma aikin nan daga gindi ake fara shi. Ka durƙusa ka danna farcen babban yatsa a jikin karan kusa da ƙasa. Idan farce ya shiga, karan kuma kore ne mai ruwa, to tsiron mai laushin kara ne, kuma a nan ne alayyafo da lalo da kuɓewa da yawancin ciyayi suke. Idan farce ya ƙi shiga, ka kankare ɓawon kaɗan da wuƙa. In ka tarar da ɓawo na gaske a waje da itace mai tauri a ciki, wanda ke ƙara kauri shekara bayan shekara, to tsiron mai itace ne.

Akwai na tsakiya da ake yawan mantawa da su, waɗanda gindinsu itace ne amma samansu mai laushi ne, yana bushewa da rani ya sake tohowa daga gindin da damina. Hankufa da filasko suna cikinsu. Irin wannan sai ka rubuta "mai itace a gindi kawai", ka kuma auna inda itacen ya tsaya.

A nan ne kurakurai suka fi yawa. Tafasa da rama sukan yi tauri a ƙasa idan kaka ta yi, har karan ya karye da ƙara, amma wannan ba ya mai da su itace, domin gaba ɗayansu suke mutuwa a shekarar. Ayaba kuwa, duk tsayinta, ba bishiya ba ce: abin da ake gani kamar ganga kuben ganyaye ne da suka nannaɗe juna, ainihin karanta yana cikin ƙasa, kuma idan ka yanka za ka ga ɓawo bisa ɓawo babu itace ko kaɗan. Gwanda tana da ganga guda mai tsawo, amma cikinta taushi ne, sau da yawa ma da rami, saboda haka ya kamata ka ambaci hakan maimakon ka ce "bishiya" ka wuce. Gora kuma ciyawa ce mai taurin kara, gaɓoɓinta da fitowarta a dunƙule su ne shaida. Ka kula da tsirrai masu farin ruwa irin su tumfafiya da tinya da ƙerana lokacin wannan gwaji, domin ruwansu yana cutar da ido ƙwarai. Ka kankare su da wuƙa kana nesa da fuskarka, ka wanke hannu kafin ka taɓa ido.

Mataki na 3: Ƙirga sandunan da suka fito daga ƙasa

Idan tsiron mai itace ne, ka share ganye da yashin da suka rufe gindin, ka ƙirga sanduna nawa suka fito daga ƙasa. Bishiya ita ce mai ganga guda wadda take tashi sama kafin ta raba rassa, kamar tsamiya da maɗaci da ɗorawa. Ƙaramin itace mai sanduna da yawa shi ne wanda ya rabu tun daga ƙasa ko dab da ita, babu wata sanda da ta fi sauran, kamar sabara da geza. Ma'aikatan gandun daji sukan ɗauki mita 5 a matsayin iyaka, wato abin da zai iya kai wannan tsayi idan ya balaga a inda yake shi ne bishiya. Iyakar ba ta kama kowane tsiro ba, domin kalgo da magarya da gwandar daji sukan zama wannan a wani wuri su zama wancan a wani, kuma babu laifi ka rubuta "ƙaramin itace ko ƙaramar bishiya" idan ka ga duka biyun.

Abin da nake so ka fi mai da hankali a kai shi ne tsohon kututture. Sau da yawa abin da ya yi kama da ƙaramin itace mai sanduna goma a gona, bishiya ce da aka sare shekaru da suka wuce, saiwarta tana raye a ƙasa, kowace shekara tana turo toho, kowace shekara kuma ana sassabe shi kafin shuka. Ka tona santimita kaɗan a tsakiyar sandunan. Idan ka tarar da kututture mai faɗi da tabon gatari ko na wuta, ka rubuta "toho daga kututture", kada ka rubuta cewa haka halittarsa take. Wannan bambanci ba na takarda kaɗai ba ne. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, inda suke zaɓar sanda ɗaya ko kaɗan mafi ƙarfi a kan kututturen su bar ta, su cire sauran, kuma ta haka gonakin da suka zama fili suka sake samun bishiyoyi ba tare da dashe ba. Da an ci gaba da ɗaukar waɗannan tsirrai a matsayin ƙananan itatuwa marasa tsayi, da babu wanda zai yi tunanin rainonsu.

Goruba ma haka take. Kabar da ake yanka domin tabarma da igiya, wadda ke zaune a ƙasa babu ganga, goruba ce da yawan yanka ya hana ta tashi, kuma wanda ya bi ta yankin Gulbin Kaba zai ga siffofin biyu kusa da juna. Wanda bai sani ba zai rubuta su a matsayin tsirrai biyu daban.

Mataki na 4: Awo

Kalmomin "dogo" da "gajere" ba su isar da komai ba, sai da lamba. Abin da bai wuce mita 2 ba ka auna shi kai tsaye da sandarka. Mai matsakaicin tsayi, ka jingina sandar a jikinsa, ka ja da baya sosai, ka ƙirga sau nawa za ta shiga tsayinsa. Doguwar bishiya kuwa akwai hanyoyi biyu. Ta farko, ka riƙe miƙaƙƙen kara a tsaye da hannunka a miƙe, ta yadda tsawon karan da ke sama da hannun zai yi daidai da nisan da ke tsakanin idonka da hannun, sannan ka riƙa ja da baya har kan karan ya yi daidai da ƙololuwar bishiyar, hannunka kuma ya yi daidai da gindinta. Nisan da ke tsakanin inda ka tsaya da gindin shi ne tsayin bishiyar, kusan. Ta biyu ita ce ta inuwa, kuma da hantsi ko la'asar ta fi kyau: idan sandarka mai mita 2 ta yi inuwar mita 3, bishiyar kuma ta yi inuwar mita 18, to tsayinta mita 12 ne. Duka hanyoyin biyu suna son shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ko da wacce ka yi amfani, ka sa kalmar "kimanin" a gaban lambar, domin ƙiyasi ne.

Kaurin ganga ana auna shi ne a mita 1.3 daga ƙasa, shi ya sa muka yi wa sanda alama a wurin. Ka zagaya tef ɗin, ka raba abin da ka samu da 3.14 domin ka san faɗin gangar. Kewayen santimita 157 yana ba da faɗin santimita 50. A kan gangare ka tsaya ta ɓangaren tudu. Idan bishiyar ta rabu ƙasa da mita 1.3, ka auna kowace sanda daban. Rimi yana da fukafukai a gindi waɗanda ke tokare shi, saboda haka sai ka auna sama da inda suka ƙare ka kuma rubuta a tsayin da ka auna. Kuka kuwa tef ɗin tela ba zai zagaye ta ba, sai igiya. Faɗin kan bishiya ana auna shi a ƙasa, daga ƙarshen rassa zuwa ƙarshen rassa, sau ɗaya gabas da yamma, sau ɗaya kudu da arewa, a haɗa a raba biyu.

Mataki na 5: Rassa da siffar kai

Yanzu ka koma nesa, inda za ka ga bishiyar gaba ɗaya. Ka fara da gangar: miƙaƙƙiya ce ko karkatacciya, a wane tsayi reshen farko ya fita, kuma tana ci gaba har ƙololuwa ko tana ɓacewa cikin manyan rassa? Giginya ba ta reshe ko ɗaya, ganyenta a ƙoli yake tare, kuma babba takan yi kumburi a sama da tsakiyar gangarta. Goruba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, kuma wannan kaɗai ya isa a bambanta su daga nesa. Ƙaramin rimi yana fitar da rassa a kewaye hawa-hawa, kowane hawa a kwance. Sauran bishiyoyi ka duba ko rassansu suna miƙewa sama, ko suna bazuwa a kwance, ko kuwa ƙarshensu yana sunkuyowa ƙasa kamar yadda ƙananan rassan marke da aduwa ke yi.

Siffar kai kalmomi kaɗan ne suka ishe ta: mulmulalle, kamar na tsamiya da mangwaro, bazajje mai faɗi, kamar na ɗorawa, mai siffar laima da shimfiɗaɗɗen sama, kamar na kandili a Sahel, siriri mai tsawo, kamar na turare, ko marar tsari. Ka ƙara da ko kan cunkushe yake ko rana tana ratsa shi. Ka tuna cewa gawo da maɗaci da ƙirya da makiyaya ke sassare wa rassa domin dabbobi sun rasa siffarsu ta asali, haka ma kukar da ake yanke wa rassa domin miya da zogalen cikin gida. Idan ka ga dungulmin rassa da sabon toho a kansu, ka rubuta "an sassare". Batun ganye kuma dole ya tafi tare da lokaci, domin gawo da damina yake zubar da nasa ya yi sabo da rani, akasin yawancin itatuwanmu, kuma wanda ya gan shi tsirara a watan Agusta zai iya zaton ya mutu.

Mataki na 6: Tsayuwa, kishingiɗa da yaɗo

Ga tsiro mai laushin kara, tambayar ita ce yadda karan ya yi da ƙasa. Tsayayye shi ne wanda ya miƙe sama da ƙarfin kansa, kamar riɗi da tafasa. Mai kishingiɗa shi ne wanda ya kwanta daga gindi amma ƙarshensa ya ɗaga sama, kamar yadda nonon kurciya da balasa sukan yi. Kwantacce shi ne wanda ya shimfiɗu gaba ɗaya har ƙarshe, kamar tsaidau. Da ka ga kwantacce, ka sa yatsa ka ɗaga karan a hankali. Idan ya taso duka har zuwa gindi guda, to kwanciya kawai ya yi. Idan kuwa ka ji ya kama ƙasa a gaɓoɓi, ya kafa saiwa a kowace, to mai rarrafe ne, kamar dankali da duman rafi da kirikiri. Bambancin yana da muhimmanci ga manomi, domin na farko sara ɗaya a gindi ya kashe shi, na biyu kuwa kowane guntu da aka bari sabon tsiro ne.

Akwai kuma waɗanda karansu gajere ne ƙwarai, ganyen ya fito a kewaye dab da ƙasa, kamar abarba da kabar giwa. Waɗannan ka ce "ganye a kewaye a gindi". Ciyayi kuma ka duba ko a dunƙule suke, karare da yawa daga gindi ɗaya kamar gamba da jema, ko kuwa shimfiɗa suke yi su rufe ƙasa. A gona ma wannan kallo yana aiki, domin wake akwai tsayayye da mai yaɗo da mai hawa, gyaɗa kuma akwai mai tsayuwa a dunƙule da mai bazuwa, kuma tazarar shuka tana bin wannan siffa.

Mataki na 7: Masu hawa

Bai isa ka ce tsiro yana hawa ba, sai ka faɗi da me yake hawa. Ka bi karan da ido daga ƙasa har inda ya kama abin da ya hau. Wasu karan ne da kansa yake nannaɗewa, kamar doya da yaɗiya. Wasu suna da siririn zare da ke fita daga gaɓa ya murɗe ya kama abu, karan kuma ya tafi a miƙe, kamar duma da garafuni da soso da dafara. Wasu ba su da ko ɗaya, jingina suke yi, ƙayarsu ta saƙale a jikin maƙwabta, kamar sarƙaƙiya. Ka kuma faɗi ko karan itace ne mai shekaru ko mai laushi ne da ke bushewa da rani.

Idan mai nannaɗewa ne, ka rubuta ta inda yake juyawa. Ka dubi ɓangaren karan da ke fuskantarka: idan yana hawa daga hagu zuwa dama, kamar tsakiyar harafin Z, mai juyin dama ne, idan daga dama zuwa hagu ne, kamar tsakiyar harafin S, mai juyin hagu ne. Farar doyar da ake nomawa dama take yi, doyar bisa kuwa hagu, kuma masana suna amfani da wannan wajen rarrabe dangin doya. Kuskuren da ya kamata ka kiyaye shi ne na mai hawan da bai sami abin hawa ba: yaɗiya da garafuni a fili kwanciya suke yi, don haka ka nemi zaren kamu ko murɗaɗɗen ƙarshen kara kafin ka kira su kwantattu. Kuma idan ka ga mai hawa da kwanson 'ya'ya mai gashi ja-ja, ka yi nesa, domin karara ce, ƙaiƙayinta ba ya da daɗi.

Mataki na 8: Tono

Rabin siffar tsirrai da yawa a ƙarƙashin ƙasa take. Ka tona da dagi daga nesa kaɗan da gindi, ka ɗago da ƙasar gaba ɗaya, kada ka fizge da hannu, domin abin da kake nema shi ne zai tsinke ya zauna. Idan ƙasar ta yi tauri ka zuba ruwa ka jira. Ka duba ko saiwa ɗaya ce babba da ta nutsa, ko tarin sirara kamar na gero. Idan ka sami abu mai kauri, ka yanka shi biyu: mai ɓawo bisa ɓawo dangin albasa ne, dunƙulalle cikakke da ke tsaye a ƙarƙashin kara dangin gwaza ne, wanda ke tafiya a kwance yana da gaɓoɓi da idanu kara ne na ƙarƙashin ƙasa, kamar citta da tofa, mai kumburi a ƙarshen siririn zare kuma kamar aya. Rogo da dankalin Hausa saiwa ce ta kumbura, dankalin Turawa kuwa kara ne, idanunsa ne ke nuna hakan. Idan tsiron guda ɗaya ne tak a wurin, ka buɗe gefe ɗaya ka duba ka mayar da ƙasa, kada ka tumɓuke shi.

Mataki na 9: Waɗanda ke zaune a kan wani ko a ruwa

Kauci yana zaune a reshen wata bishiya, ya huda jikinta yana shan ruwanta, kuma dole ka rubuta sunan bishiyar da ya hau, abin da masu magani suka daɗe suna yi idan suka ce kaucin tsamiya ko kaucin ɗorawa. Ƙuduji a ƙasa yake tsaye kamar kowane haki, amma idan ka tona a hankali za ka ga saiwarsa manne da ta dawa ko gero. Gamji da ceɗiya da 'yan'uwansu kuwa sukan fara rayuwa a jikin giginya ko wata bishiya inda tsuntsu ya ajiye iri, su sauko da saiwa ƙasa, daga baya su rungume mai masaukin. Waɗannan ba sa shan ruwan jikinsa, wurin zama da haske suke ƙwacewa, don haka kada ka haɗa su da kauci. A ruwa ka bambanta uku: mai yawo a sama ba tare da ya kama ƙasa ba, kamar kainuwa; mai saiwa a laka da ganye a saman ruwa, kamar bado; da mai saiwa a laka wanda ya miƙe ya fito sama, kamar kacalar da ta cika fadamun Haɗeja da Nguru.

Mataki na 10: Komawa da rani

Ziyara ɗaya ba ta nuna ko tsiro na shekara ɗaya ne ko mai daɗewa. Ka kafa turke ko ka ajiye dutse, ka koma wajen watan Maris ka ga abin da ya rage. Wani masanin tsirrai na ƙasar Denmak mai suna Christen Raunkiaer ya fito da wani tsari tun daga 1904, wanda ya raba tsirrai bisa inda suke ajiye idon toho a lokacin wahala. Shi sanyin ƙasarsa ya fi dubawa, mu kuwa rani da gobarar daji ne lokacin wahalarmu, amma tambayar ɗaya ce. Ko dai idon yana can sama a rassa, kamar na bishiyoyi. Ko yana kusa da ƙasa, bai wuce kimanin santimita 25 ba. Ko yana daidai da fuskar ƙasa, kamar na gamba da ke tohowa bayan an ƙone daji. Ko yana ɓoye cikin ƙasa ko ruwa, kamar na albasar kura da bado. Ko kuwa tsiron ya mutu ɗungurungum sai iri ya bari, kamar ƙarangiya. Idan komawa ba za ta yiwu ba, ka nemi busassun karare na bara a gindin, domin samunsu tare da sabon toho alama ce ta mai daɗewa, sannan ka tambayi dattijon manomi ko makiyayin wurin, ka rubuta amsarsa a matsayin abin da aka gaya maka.

Mataki na 11: Rubutawa

Ka rubuta kana tsaye a gaban tsiron, ba bayan ka koma gida ba. Ka bi tsari ɗaya kullum domin a iya kwatanta bayananka da juna: rukuni, daɗewa, tsayi, yawan sanduna da kauri, yanayin tsayuwa ko hawa, rassa da kai, abin da ke ƙasa, sannan abin da mutum ko dabba ko wuta suka yi masa. Ga misalin yadda zai kasance ga sabara: "Ƙaramin itace mai daɗewa, tsayi kimanin mita 1.8, sanduna 9 daga ƙasa, mafi kauri santimita 3, rassa suna miƙewa sama, kai marar tsari. Toho ne daga tsohon kututture mai tabon gatari. A jigawa, cikin gonar gero." Ga kuma na garafuni: "Mai laushin kara, yana hawa da zaren kamu, ya hau dangar kara har kimanin mita 2, inda babu abin hawa ya kwanta ba tare da kafa saiwa a gaɓa ba."

Ka ɗauki hoto uku, ɗaya daga nesa da sandarka a jingine domin a ga tsayi, ɗaya na gindi, ɗaya na abin da ka tono. Idan babu waya, zanen fensir na layuka kaɗan da ya nuna ganga da rassa da iyakar kai ya wadatar, muddin ka rubuta awo a gefensa. Ka ba kowane tsiro lamba guda, ka sa ta a littafi, da jikin jaridar da ka danne samfurin, da kuma ƙaramar takarda da za ta fito a cikin hoton, kuma kada ka sake amfani da lambar ga wani tsiro ko da samfurin farko ya lalace.